Shin Haihuwa Ta Tiyata Tana Jawo Wa Yaro Ciwon Asma?

Jama'a, na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili a wannan fitowa domin in yi magana a kan wani abu da ba ya cikin darussanmu, amma na tabbata kowannenmu zai gamu da shi, ko a aji ko a gida. Ni dai na gamu da shi a wuraren nan biyu cikin wata guda.

Sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, an ba ni aji uku a wata makarantar firamare ta ƙauye. Ran nan da safe, cikin hunturu, yara suna sharar aji, sai na ga wani yaro ya dafa tebur ya sunkuya, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, ƙirjinsa yana ƙara kamar kukan 'yar kyanwa. Na tambaye shi abin da ya same shi, ya kasa haɗa kalma uku. Gaskiya na tsorata, gama ban san abin yi ba. Hedimasta ya aika aka kira uwarsa, ta zo a guje da ɗan abin shaƙa ƙulle a bakin zane, ta fesa masa a baki. Jim kaɗan numfashi ya komo. Da hankali ya kwanta sai ta dube ni ta ce, "Malam, laifina ne. Yanka ni aka yi aka ciro shi. An ce duk ɗan da aka ciro haka ba ya rabuwa da ciwon ƙirji."

Bayan mako biyu na je gida, na iske yayata da tsohon ciki, gida kuwa ba daɗi. An ɗauki hoton cikinta a asibiti, likita ya ce mabiyiya ta sauko ta tare ƙofar mahaifa, saboda haka ba ta da hanyar haihuwa sai ta tiyata. Ita kuwa ta ƙi. Uwar mijinta ta ce ita ta haifi takwas a ɗaka ba wanda ya ji ƙararta. Ga shi kuma wani ya aiko mata da saƙo ta WhatsApp, wai Turawa da kansu sun gano yaran tiyata asma su ke yi. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai da ka ke karatu, duba mini. In gaskiya ne, ba zan cuci ɗana ba." Na ce, "Yaya, ba ni kwana kaɗan." Na koma kwaleji na yi ta bincike, na kuma yi ta tambayar masu aikin asibiti. Abin da na samu shi ne zan zayyana muku.

Wace ce haihuwa ta tiyata?

Ita ce a tsaga cikin mace da mahaifarta a ciro jariri, sa'an nan a ɗinke. Waɗansu su kan ce an yi mata fiɗa, waɗansu su ce an yi mata aiki. A kan yi ta in naƙuda ta yi tsawo jariri ya ƙi saukowa, ko ƙugun uwa ya yi ƙanƙanta, ko jariri ya kwanta a gicciye, ko ya galabaita a ciki, ko uwa ta kamu da jijjiga, ko mabiyiya ta tare hanya kamar ta yayata. Iri biyu ce. Akwai wadda a ke shiryawa tun kafin naƙuda ta fara, akwai kuma ta gaggawa, wadda a ke yi bayan abu ya ɓaci.

Kada wani ya zaci wannan aiki baƙo ne a Afirka. Cikin 1879 wani Bature mai koyon aikin likita, Robert Felkin, ya ga an yi shi da idonsa a Kahura, cikin ƙasar Yuganda. Mai aikin ɗan ƙasa ne. Ya ba matar giyar ayaba ta sha, ya wanke hannunsa da cikinta da ita, ya tsaga, ya tsai da jini da ƙarfe mai zafi, ya haɗa bakin raunin da tsinkayen ƙarfe. Uwa da ɗa duka suka rayu. A lokacin nan kuwa a Turai yawancin matan da aka yi wa wannan aiki mutuwa su ke yi. Sai cikin 1882 Max Sänger na Jamus ya nuna amfanin ɗinke mahaifa sosai, cikin 1926 kuma Munro Kerr na Gilasgo ya yaɗa dabarar tsaga mahaifa daga ƙasa a gicciye, wadda a ke bi har yau. Da aka sami maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin jini, sai aikin ya zama abin ceton rai na yau da kullum.

Mene ne asma?

Iskar da mu ke shaƙa tana bin maƙogwaro ta sauka ƙirji, nan hanyar ta rabu biyu, kowace ta yi ta rassa kamar bishiya, har su zama siraran bututu cikin huhu. Mai asma bututun nan nasa ba su da haƙuri. Da ƙura ko hayaƙi ko sanyi ko mura sun taɓa su, sai abu uku su faru: cikinsu ya kumbura, naman da ya kewaye su ya matse, majina mai kauri kuma ta taru. Hanya ta ƙuntata ke nan, iska ta riƙa fita da ƙyar tana fito. Alamunta su ne tari, musamman da dare ko da asuba, da ƙarar ƙirji, da sarƙewar numfashi.

Asma ba tarin fuka ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, saboda haka babu dalilin ware yaro ko hana shi cin abinci da 'yan'uwansa. Gado yana da hannu ƙwarai a cikinta: yaron da uwarsa ko ubansa ke da ita ya fi saurin samunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita, ta kuma kashe 455,000, yawancinsu a ƙasashen da magani ke wuyar samu. Ba ta warkewa ɗungum, amma da magani mai kyau yaro zai yi karatu, ya yi gudu, ya buga ƙwallo kamar kowa.

Abin da masu bincike suka gano

To, saƙon da aka aiko wa yayata ba ƙarya ba ne tsagwaronta. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, ga ta kuwa.

Cikin 2008 waɗansu likitoci na Belfas suka tattara bincike 23 da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka haɗa lissafinsu wuri guda. Suka tarar yaran da aka haifa ta tiyata sun fi sauran samun asma da misalin kashi 20 cikin 100. A shekarar nan kuma aka buga wani bincike na ƙasar Norwe, inda aka bi bayanin yara fiye da 1,700,000 da aka haifa daga 1967 zuwa 1998. Su sun sami ƙarin misalin kashi 50 cikin 100, amma fa asma mai tsanani su ke ƙirgawa, wadda ba ta kama sai yaro 4 cikin 1,000 ba. Cikin 2015 mutanen Danmak suka duba yara wajen miliyan 2, suka sami ƙari kusa da na Belfas. Cikin 2018 aka sake tattara bincike a Edimbara, lissafi ya sake faɗawa wajen kashi 20. Tun da wurare da yawa sun yi daidai, ba za mu ce tatsuniya ba ce.

Mu ɗauki alli

Amma nan ne mutane su ke ruɗewa, nan ne kuma aikin malami ya ke. In an ce ƙarin kashi 20 cikin 100, ba a ce yaro 20 cikin kowane 100 za su kamu ba. Ana nufin a ɗauki adadin da a ke samu dama, a ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar nasa.

Ga misali. A ce muna da aji biyu, kowane da yara 50. Na aji na fari duka haihuwar ɗaka ne, na aji na biyu duka ta tiyata aka haife su. A ce kuma a garin nan yaro 10 cikin 100 ke da asma. To, a aji na fari za mu sami 5. Kashi ɗaya cikin biyar na 5 shi ne 1. Saboda haka a aji na biyu za mu sami 6. Bambancin ajin nan biyu yaro ɗaya ne tak. Yara 44 cikin 50 na ajin tiyata lafiyarsu lau, 5 daga cikin 6 ɗin nan kuwa da ma za su yi asmarsu ko ta wace hanya aka haife su. Kun ga nisan da ke tsakanin wannan da cewa "duk ɗan da aka ciro ba ya rabuwa da ciwon ƙirji."

Akwai kuma abu na biyu. Kowa ya sani in shamuwa ta iso, damina ta yi kusa. Amma ba wanda zai ce shamuwa ce ke zubo da ruwa. Abu biyu su kan zo tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Saboda haka sai mu tambaya: tiyatar ce da kanta ke kawo ƙarin nan, ko kuwa wani abu ne ke kawo su duka biyu? Masana sun kawo bayani uku.

Bayani na fari: ƙwayoyin hanji

Ba dukan ƙwayoyin nan da ido ba ya gani ne ke kawo cuta ba. Cikin hanjin kowannenmu akwai dubban miliyoyinsu, suna taimakon narkar da abinci, suna kuma horar da garkuwar jiki, watau rundunar da ke tsare mu daga cututtuka. Garkuwar jariri kamar sabon ɗalibi ta ke, sai an koya mata ta rarrabe maƙiyi da baƙon kirki. In ba ta sami horo ba, sai ta riƙa kai hari ga abin da bai tsare mata komai ba, kamar ƙura ko gashin kyanwa. Asma iri-iri daga irin wannan kuskure su ke tasowa.

Wannan tunani ya samo tushe cikin 1989, sa'ad da David Strachan na Ingila ya duba yara fiye da 17,000 da aka haifa cikin mako guda na watan Maris 1958. Ya ga yaron da ke da yayye da yawa bai cika yin atishawar nan da ƙaiƙayin hanci da furen ciyawa ke tayarwa ba. Cikin 2016 kuma aka gwada yaran jama'u biyu na manoma a Amurka. Amish suna noma da dawaki, yaransu suna shiga garke kullum: misalin 5 cikin 100 ke da asma. Hutarawa suna noma da injuna, dabbobinsu nesa da gida: misalin 21 cikin 100.

To, ina jariri ya ke samun ƙwayoyinsa na fari? Cikin 2010 Maria Dominguez-Bello da abokan aikinta suka duba jarirai 10 a ƙasar Benezuwela. Waɗanda suka bi hanyar haihuwa sun fito da irin ƙwayoyin da ke hanyar, waɗanda aka ciro kuwa da irin na fatar mutum. Cikin 2019 aka duba kashin jarirai 596 a Ingila. Aka tarar yawancin na tiyata ba su da wani iri mai amfani da a ke kira Bakteroidis, wanda jariri kan samu daga hanjin uwarsa, sai irin ƙwayoyin da ke yawo a asibiti suka cika gurbin. Amma kafin su cika shekara bambancin ya ragu ƙwarai.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Danmak na 2020. Sun bi yara 700 tun daga haihuwa. Suka ga yaran tiyata waɗanda ƙwayoyin hanjinsu suka daidaita kafin su cika shekara guda, ba su fi sauran yara samun asma ba. Ƙarin ya taru ne a kan waɗanda nasu ba su daidaita ba. Ashe ranar haihuwa ba ita ke yanke hukunci ba, shekarar fari tana iya gyara abin da ranar fari ta rasa.

Bayani na biyu: ruwan huhu

Jariri a ciki ba ya shaƙar iska, huhunsa cike ya ke da ruwa wanda huhun da kansa ke yi. Sa'ad da naƙuda ta kama, jikinsa ya kan fitar da waɗansu sinadarai masu umartar huhu ya daina yin ruwan, ya fara tsotse shi. Watau wahalar naƙuda shiri ce ga numfashin fari. Jaririn da aka ciro kafin naƙuda bai sami wannan shiri ba, saboda haka wani ya kan yi kwana ɗaya zuwa uku yana numfashi sama-sama kafin ruwan ya ƙare. An lura irin waɗannan jarirai sun fi yin ƙarar ƙirji a ƙuruciya. Abin ya fi yawa in an ciro jariri da wuri. Domin haka likitoci su ke cewa tiyatar da aka shirya kada a yi ta kafin ciki ya cika mako 39, sai fa in jiran zai jawo hatsari ga uwa ko ɗa.

Bayani na uku: dalilin tiyatar

Ba a yi wa mace tiyata haka kawai. Sau da yawa akwai matsala tun da fari: ciki bai isa ba, ko jariri ya galabaita, ko uwa tana da ƙiba ƙwarai, ko ita kanta tana da asma. Waɗannan kuwa kowannensu yana ƙara wa yaro hatsarin asma ko da ba a taɓa uwarsa da wuƙa ba. Nan ne shamuwa ta shigo.

Mutanen Suwidin suka yi wata dabara cikin 2012. Suka ɗauki 'yan'uwa biyu-biyu, uwa ɗaya, wajen 87,500, domin 'yan ɗaki ɗaya gadonsu da gidansu da abincinsu kusan ɗaya ne. Da suka gwada wanda aka ciro da ɗan'uwansa da aka haifa ta hanya, sai ƙarin ya tsaya a kan na tiyatar gaggawa, bai fito a kan na tiyatar da aka shirya ba. Ku lura da wannan. Jaririn tiyatar gaggawa sau da yawa faya ta riga ta fashe, ya riga ya gamu da ƙwayoyin uwarsa. Da rashin ƙwayoyi ne kaɗai dalili, da wanda aka ciro kafin naƙuda shi zai fi kamuwa. Tun da abin ya zo a juye, sai suka ce a nemi dalili cikin matsalar da ta sa aka yi gaggawar. Na Norwe ma sun sami ƙarin ya fi yawa a tiyatar gaggawa.

An kuma yi zargin maganin kashe ƙwayoyin cuta da a ke ba uwa kafin a tsaga, domin ya kan ratsa zuwa ga jariri. Amma wani babban bincike na Ingila cikin 2022 bai sami ƙarin asma daga wannan ba, ga shi kuwa maganin yana tsare uwa daga ruɓewar rauni.

In an haɗa duka, ga inda magana ta tsaya. Ƙarin yana nan, amma kaɗan ne. Wani sashi nasa daga ƙwayoyin hanji da ruwan huhu ne, wani sashi kuwa daga matsalar da ta kai uwa ɗakin tiyata ne.

Mu a nan ina mu ke?

Wajibi ne mu san waɗanda a ke wa wannan gargaɗi. Cikin 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Fortaleza ta Birazil, suka ce babu dalilin da zai sa haihuwar tiyata ta wuce 10 zuwa 15 cikin 100 a kowace ƙasa. Cikin 2015 Hukumar ta ce abin lura shi ne duk macen da ke bukata ta samu. Bisa lissafinta na 2021, a duniya duka adadin ya tashi daga 7 cikin 100 a 1990 zuwa 21. A Birazil da Masar da Turkiyya haihuwar tiyata ta fi ta hanya yawa. A irin waɗannan wurare a kan yi wa mace tiyata don zaɓen rana, ko tsoron naƙuda, ko sauƙin likita. Su ne ya kamata su auna zancen asma, gama suna ɗaukar hatsari ba tare da samun komai ba.

Mu kuwa namu ciwon dabam ne. A Afirka kudu da Sahara adadin 5 ne cikin 100. A Nijeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami misalin 3 cikin 100, ya kuma nuna mata 39 kaɗai cikin 100 ke haihuwa a asibiti, uwa 512 kuma ke mutuwa a kan kowace haihuwa 100,000. Watau mu ba yawan tiyata ke damunmu ba, rashinta ne. Macen da ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaka, kan jariri yana danne da mafitsararta, in ta tsira da rai sau da yawa ɗan ya tafi, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa ganin matan da ke jiran gyara a asibitin Babbar Ruga ta Katsina ba zai ƙara kiran mai tiyata raguwa ba. Cikin Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi da ke bukatarta, domin kuɗi ma ya hana da yawa.

Saboda haka macen da likita ya ce sai an yi mata aiki, ta ƙi don tsoron asma, ta yi gyaran gira ne ta rasa ido. A hannu guda ga yaro ɗaya cikin 50 da ciwon da ke da magani, a ɗaya hannun ga ran uwa da na ɗa.

Abin da iyaye za su yi

Na fari, mai ciki ta riƙa zuwa awo, domin a gane matsala tun da sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, da zarar uwa ta farfaɗo a ɗora mata jaririnta a ƙirji, fata da fata, a sa shi a nono cikin sa'ar fari in hali ya yi. Kada a zubar da dakashi, ba ƙazanta ba ne. Nono yana ɗauke da abincin da ƙwayoyin kirki na hanji ke ci. A ba shi nono zalla har wata 6.

Na uku, kada a sayo wa jariri maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis don ɗan mura. Maganin ba ya zaɓe, ya kan kashe na kirki tare da miyagun. Sai in likita ya rubuta.

Na huɗu, a nisantar da shi daga hayaƙi: na taba, na itacen girki cikin ɗaki, na maganin sauro da a ke kunnawa a rufe ƙofa. Wannan ya fi hanyar haihuwa zama a hannunmu.

Na biyar, gargaɗi. Cikin 2016 an gwada shafa wa jarirai 4 ruwan hanyar haihuwa na iyayensu mata bayan tiyata, don a ba su ƙwayoyin da suka rasa. Labarin ya bazu, amma cikin 2017 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ce kada a yi haka sai cikin bincike, gama ana iya shafa wa jariri ƙanjamau ko ciwon sanyi ko wata cuta mai kisa. Kada kowa ya gwada wannan a gida.

Abin da malami zai yi

Mu da za mu riƙe aji gobe, ga namu. Tun makon fari ka tambayi iyaye ko akwai mai asma, ka san inda abin shaƙarsa ya ke. A yayyafa ruwa kafin shara, kada ka sa mai asma kaɗe abin goge allo. Kada ka hana shi wasa, sai dai ya shaƙi maganinsa in likita ya umarta.

In ciwon ya tashi, ka zaunar da shi a miƙe, kada ka kwantar da shi. Ka kori taron yara, ka yi masa magana a hankali. Ka ba shi abin shaƙarsa mai buɗe ƙirji, wanda sau da yawa shuɗi ne, fesa ɗaya ɗaya, da ɗan jinkiri na rabin minti zuwa minti guda a tsakani, har zuwa 10 in bai sami sauƙi ba. Yaro ƙarami ba ya iya haɗa fesawa da shaƙa. Cikin 1999 Heather Zar da abokan aikinta a Afirka ta Kudu suka nuna gorar roba ta rabin lita tana maganin wannan: a huda gindinta daidai bakin abin shaƙar a cusa shi, a fesa ciki, yaro ya riƙa shaƙa ta bakin gorar. In ya kasa magana, ko leɓunansa suka sāke launi, ko tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko magani bai yi aiki ba, sai asibiti nan da nan, kada ka jira a tashi makaranta.

Ƙarshen labari

Na koma gida ran Asabar da takarda da fensir. Na zana wa yayata aji biyun nan, na ƙirga mata 5 da 6. Sa'an nan na gaya mata abin da ma'aikaciyar jinya ta gaya mini, cewa mace mai irin matsalarta in naƙuda ta kama ta a gida, jini ne zai ɓalle, kafin a sami mota an makara. Ta yi shiru, can ta ce, "To, je ka gaya wa Inna da bakinka." Na je na durƙusa na gai da tsohuwa, na yi mata bayani. Ta ce, "Ɗan nan, mu a zamaninmu ba mu san wannan ba." Na ce, "Gaskiya ne, Inna. Amma mata nawa kika sani da suka tafi wurin haihuwa?" Ta fara ƙirgawa da yatsu, ba ta ƙarasa ba ta ce a kai ta.

An yi aikin kafin ciki ya kai mako 39, domin irin nata ba a jira. Ta sami 'ya mace, suna nan lafiya, ana ta shan nono. In ma wata rana asma ta zo, ga magani, ga kuma uwa da za ta ba ta.

Kafin mu gama koyarwar gwaji na nemi uwar ɗalibina. Cikin hira na ji ashe kakansa na wajen uba ya yi fama da ciwon ƙirji har tsufansa, da sanyi kuma cikin ɗakin da yaron ke kwana su ke hura wuta. Na ce mata, "Mama, aikin da aka yi miki shi ya ba ki yaron nan da rai. Ki fitar da murhu waje, ki bar zargin kanki." Ta yi godiya, ta tafi.

'Yan'uwana ɗalibai, in mun fita, a ƙauyuka da yawa malami shi ne wanda a ke miƙa wa waya ko takarda a ce, "Duba mana." Kada mu ce ƙarya ne don mu kwantar da hankali, kada kuma mu ce gaskiya ne mu tsaya nan. Mu tambaya: ƙarin nawa ne, a kan nawa, a wace ƙasa, in an ƙi kuma me zai faru? Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana yaranmu.